Sunan da Aka Ajiye

Waƙa ta biyu tana juyawa Delvene ta jawo takardar da Trevor ya ajiye mata kusa da makirfo. Akwai tabon miyar tumatir a kusurwarta, don haka ta kama ta da yatsa biyu. Trevor, manajan gidan rediyon, ba ya iya miƙa wa mutum komai sai da shaidar abin da ya karya da shi, kuma abin karin nasa bai taɓa canjawa ba: mitfai ɗin gidan mai, gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, wanda ya kwana a akwatin gilashi yana zufa.

Takardar ta shirin "A Rana Irin Ta Yau" ce, wanda Delvene take karantawa kowace safiya bayan labarai tun 'yarta tana rarrafe, ga shi yanzu 'yar ta gama sakandare. Tsofaffin Wilgabin sun fi son shirin a kan labarai. Labarai na mutanen manyan birane ne, Perth da Canberra, shi kuwa wannan yawancinsa na matattu ne, matattu kuma ba sa neman ƙuri'ar kowa.

Yau ɗaya ga Satumba, ranar farko ta bazara. Sanyi ya fara sakin mutane, bagaruwa ta yi fure rawaya tun daga bakin titin jirgin ƙasa har makabarta. Delvene ta bi takardar da ido don kada wani baƙon suna ya sarƙe mata harshe. A 1715 wani sarkin Faransa ya mutu bayan ya shekara saba'in da biyu a kan karaga. A 1914 tattabara ta ƙarshe a jinsinta ta mutu cikin keji a Amurka. A 1923 girgizar ƙasa ta kwantar da Tokyo, a ranar kuma aka haifi wani ɗan damben Amurka da har ya bar dambe ba a taɓa cin sa ba. A 1939 sojojin Jamus suka afka wa Poland.

Can ƙasa, bayan inda injin ya gama bugawa, Trevor ya ƙara layi guda da jan biro. Sunan kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta, cikakke, har da na tsakiya wanda ko matarsa ba ta taɓa kira ba. A gabansa ya rubuta: shahararren mai zane, ya rasu bara.

Ni ma ba zan rubuta sunan a nan ba. A wurinmu, mu baƙaƙen 'yan asalin ƙasar nan, idan mutum ya tafi ana ajiye sunansa. Ba a kira, ba a saka muryarsa, ba a rataya hotonsa, sai ranar da iyalinsa suka ce ya isa inda za shi. Kiran sunan dawo da shi ne alhali yana kan hanya. Akwai masu suna irin nasa a garin nan, tun bara da wasu sunayen ake kiransu, har mai kawo wasiƙu ya saba. Trevor ba namu ba ne, amma ya haura shekara ashirin a Wilgabin. Ya ci naman gidan makoki ya fi a ƙirga. Ba zai ce bai sani ba.

Abin da ya fara faɗo wa Delvene a rai ba al'adar ba ce, Anti Mavis ce, matar marigayin. Yau ranar wankin ƙodarta ce. A daidai wannan lokacin tana kishingiɗe a doguwar kujera a asibitin gari, allurai biyu a hannunta na hagu, jininta yana zagayawa cikin inji, ba ta da ikon tashi sai rana ta take. Rediyon ɗakin yana kan wani katako a saman ƙofa, kuma kullum a tashar nan yake, saboda Anti Mavis ta ce ba za ta kwanta a ja mata jini ba sai tana jin muryar 'yarta Delvene.

Delvene ta cire abin kunne ta miƙe. Ɗakin Trevor yana bayan gilashi, daga nan yake sarrafa tallace-tallace da labaran da ake karɓowa daga birni. Abin da ke hannun Delvene makirfonta ne kawai da waƙoƙi. Da ta tura ƙofa sai warin turare ya riga komai tarbar ta, ta san Philippa ta zo.

Philippa ta sauka a Wilgabin shekarun baya daga Melbourne, da babbar mota da ƙaramin kare, ta ce ƙasar ce ta kira ta. Ta buɗe shagon sayar da zane a tsohon ginin banki, kuma ita ce take ɗaukar nauyin shirin tun farkon shekara. Lokacin da Kawu yake kwance a asibiti, ita kaɗai ce mai dubiyar da ta je masa da fenti da ƙyalle maimakon lemo. Ranar jana'iza ta fi kowa kuka, tana kuka tana ɗaga waya sama, sai da aka aika mata ta sauke. Yau ta zo da farantin kek da damin furen bagaruwa, ta naɗe wuyanta da gyalen siliki. Delvene ta gane zanen da ke jikin gyalen. Rijiyoyin ƙasar kakanta ne, yadda Kawu ya zana su, kuma da gefen gyalen Philippa take goge tabarau.

"Del, na san fuskar nan," in ji Trevor, baki cike. "Kafin ki fara, mun saka gargaɗi."

"Wane gargaɗi?"

"Wanda kowa yake sakawa mana. Shirin nan yana ɗauke da suna da muryar wanda ya rasu. Manyan tashoshi ma abin da suke yi ke nan."

"Murya?" in ji Delvene.

Ashe sunan ma ƙaramin abu ne. Trevor ya kawar da kai ya yi mata bayani yana kallon kwamfuta. Yau da yamma Philippa za ta buɗe baje kolin zanen marigayin, masu saye za su zo daga birni, wasu har da ƙaramin jirgi. An haɗa talla da za ta biyo bayan shirin kai tsaye, za a yi mako ana saka ta, safe da rana da yamma. Muryar kuwa a ma'ajiyar tashar suka samo ta. Hirar nan ce da Delvene ta yi da shi a bakin rafi shekarun baya, wadda ta tsokane shi a kan kifin da ya ce ya kama. Sun yanke tambayoyinta, sun bar dariyarsa.



Philippa ta matso ta dafa mata hannu. Tafin hannunta yana da sanyi da danshi. "'Yar uwa, na san da ciwo. Ni ma ban yi barci ba. Amma shi da kansa zai so duniya ta ji shi. Kin san yadda muke da shi."

"Na san yadda kuke," in ji Delvene, ta zare hannunta.

Philippa ta ce ai ba da ka ta yi ba, ta nemi izinin iyali. Ta kira ɗan wansa da ke Perth a waya, ya ce ba komai, har ya yi murna. Delvene ta san ɗan. Shi ne wanda bai zo jana'iza ba, ya aiko cewa motarsa ta lalace. Cikin dangi duka, daga nan har bakin teku, Philippa ta lalubo mutum ɗaya da ba shi da ta cewa a maganar, kuma ba tsautsayi ne ya kai ta gare shi ba. Gidan Anti Mavis yana bayan shagonta, ko takalmi ba sai ta canja ba.

Delvene ta juya wa matar baya ta fuskanci Trevor. "Anti tana kan inji yanzu, Trev. Hannunta a ɗaure yake. Rediyon yana saman ƙofa."

"Ai amfanin gargaɗin ke nan. Wanda ba ya so, ya kashe."

"Da me za ta kashe? Da ido?"

Ya sosa ƙeya ya ce akwai nas a wurin, aikinta ne. Ya ce kada ta manta tashar nan da ƙyar take numfashi, in Philippa ta janye babu wanda zai maye gurbinta, kuma an riga an yi alkawari. Daga nan ya yi abin da ya fi komai ba Delvene ƙyama. Ya karɓi takardar, ya ciro jan biron daga aljihu, ya soke sunan da layi biyu, ya miƙa mata yana murmushi kamar wanda ya yi kyautar rago. Ya ce ita ba sai ta faɗa ba, ya fahimta, bakinta ba zai taɓa sunan ba. Tallar ce za ta faɗa.

Waƙar ta ƙare, labarai suka shigo daga birni. Delvene ta koma kujerarta ta ɗauki waya ta kira ɗakin wankin ƙoda. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta san dalili: safiya ce, nas ɗaya ce a ɗakin, Marisol, 'yar Filifin mai ƙaramin jiki da saurin tafiya, kuma idan tana saka allura ko gobara ake ba ta ɗaga waya. Ta kira teburin karɓar baƙi, wata murya da aka naɗa ta ce kiranta yana da muhimmanci, ta jira, aka saka mata kiɗa. Ta kira wayar Anti Mavis duk da ta san tana cikin jaka, jakar tana cikin kabad. Mai labarai ya gama da siyasa ya shiga ƙwallo, ana ta lissafin wa zai kai wasan ƙarshe. Ta sake kiran ɗakin. Shiru.

Jar fitila ta kama. Ta mayar da abin kunne.

"Barkanmu da safiya, Wilgabin. Yau ɗaya ga Satumba, bazara ta shigo. Ga abin da ya faru a rana irin ta yau."

Ba ta taɓa jan shirin kamar yau ba. Ta tsaya a kan sarkin Faransa ta ce shekara saba'in da biyu ba wasa ba ne, shugaban ƙaramar hukumarmu ma sai ya ƙara ƙoƙari. Ta tsaya a kan ɗan damben ta tuna wa mutane damben da ake yi a tanti ranar bikin noma. Duk wannan wayar tana kwance a gefen hannunta tana kiran asibiti, tana ganin hasken fuskarta yana kamawa yana mutuwa. Da ta zo kan tattabarar sai muryarta ta yi nauyi. Takardar ta ce tsuntsayen sun taɓa rufe rana don yawa, aka yi ta harbinsu ana cika jiragen ƙasa da su, da ta rage saura ɗaya sai aka raɗa mata suna, mutane suka riƙa zuwa kallo. Da ta mutu aka cusa mata auduga aka ajiye a akwatin gilashi. Delvene ta ɗaga ido ta ga Philippa a bayan gilashin tana gyaɗa kai cikin tausayi, tana gutsurar kek.

Jamus ta shiga Poland, takarda ta ƙare. Trevor ya ɗaga yatsa sama, alamar ta rufe ya saka talla. Delvene ta matso da bakinta kusa da makirfo.

"Jama'armu, ku saurara da kyau. Duk wanda yake ji na, a gida ko a mota ko a bakin shago, ya kashe rediyonsa yanzu. Abin da zai biyo baya ba na kunnenmu ba ne. Dattijonmu da ya tafi bara, shi za a saka, suna da murya. Ku kashe, ku gaya wa na kusa da ku. Marisol, in kina ji na, don Allah rediyon ɗakin wankin ƙoda. Wanda yake kusa da ƙararrawa a ɗakin ya danna mata."

Ta so ta ci gaba da magana har sai an amsa wayar, ko da za ta karanta musu farashin alkama na shekara goma. Amma makirfon ya mutu a gabanta. Trevor ya yanke ta daga ɗakinsa, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ta taga ta hango Ronnie mai faci a tsallaken titi ya saki tayar da yake murzawa ya ruga cikin rumfa, kiɗan da ke tashi daga can ya ɗauke. Wata mota a gaban kantin magani ita ma ta yi shiru.

Gargaɗin ya fito. Wata muryar birni ce ta karanto shi a guje, kamar yadda ake karanta illar magani a ƙarshen talla, kafin mutum ya ajiye kofin shayi an wuce wurin. Sai busa ta biyo baya, busar doguwar gorar nan da masu zuwa daga waje suke ɗauka ta kowane baƙin ɗan asalin ƙasa ce. Ta mutanen arewa ce, Kawu bai taɓa riƙe ta ba, yana ma cewa tana sa masa ciwon kai. A kan busar muryar Philippa ta hau, a tausashe, da rawa-rawa a cikinta, ta faɗi sunan. Ta sake faɗi. Ta faɗi na uku haɗe da adireshin shago da lokacin buɗewa, ta ce za a ba da giya da cuku.

Delvene ta fizge abin kunnen, amma akwai lasifika a baranda. Dariyar ta zo mata ta ƙarƙashin ƙofa, dariyar nan mai farawa daga ciki, ta hau sama ta karye. Ta ji Kawu yana cewa, "Ke dai ba ki da kunya, yarinyar nan." Da ita yake. A tallar kuwa sai ya zama kamar da Philippa yake.

Ta ɗauki makullin mota. Trevor ya tare ta a baranda yana cewa abin da ta yi bai dace da ma'aikaciya ba, ta kori masu sauraro a gaban mai ɗaukar nauyi, za su zauna a kan maganar. Philippa tana bayansa, idonta ya yi rau-rau, tana cewa ba ta taɓa jin an ci mata fuska haka ba, ita da ta ba mutanen nan rayuwarta. Delvene ta ratsa tsakaninsu ta wuce. Tana bakin ƙofa ta ji Trevor yana tambaya wa zai karanta hasashen yanayi.

Asibitin ba shi da nisa. Garin ya yi wani irin tsit da ba ta saba ji ba da safe. A gaban ofishin gidan waya tsofaffi mata suna zaune a kan benci, suka bi motarta da ido, ɗaya ta ɗaga mata hannu. Ko'ina furen bagaruwa ne, ƙamshinsa ya cika motar, mai zaƙi da nauyi. Ta ɗaga gilashi. Duk hanya abu ɗaya take juyawa a ranta. Garin duka ya ji ta ya kashe. Mutum ɗaya da ta yi maganar dominta ita ce ba ta iya miƙewa, kuma ita da bakinta ta sanar da ita abin da ke tafe, ta bar ta tana jira.

Ɗakin wankin ƙoda yana ƙarshen baranda. Tun kafin ta tura ƙofa ta ji muryar Trevor daga sama yana karanta yanayi, yana tuntuɓe a kan sunayen garuruwa. Ba a kashe ba ke nan. A ƙasa, daidai ƙarƙashin katakon rediyon, silifa ɗaya tana kife.

"Tawa ce," in ji Bernie daga kujerar farko. Tsohon mai askin tumaki ne, Bature, ƙodarsa ta gaza a shekarar da ta Anti Mavis ta gaza, tun daga nan suke maƙwabtan kujera suna faɗa a kan ƙwallo. Ya nuna ƙafarsa ɗaya da ke cikin safa. "Na jefa, Del. Da hannun dama ne da na sauko da shi. Sun ɗaure min na kirkin."

Ya ce ya danna ƙararrawa har yatsansa ya yi ciwo. Marisol tana ɗakin gefe, jinin wani tsoho ya faɗi ya suma, ba ta iya barin sa. Ya ce ya gwada yin waƙa da ƙarfi don ya rufe abin, amma numfashinsa bai kai ba.

Anti Mavis tana kujerar da ke jikin taga. Ta karkatar da kai ta danne kunnen hagu a matashi, ta toshe na dama da tafin hannunta. Har yanzu hannun yana wurin, ko da yake an daɗe da gama tallar. Hannun hagu yana miƙe a kan madogarar kujera, an manne shi da filasta, robobi biyu jajaye suna fita daga cikinsa zuwa inji. Idonta a rufe yake. Bargon da ta saƙa da kanta ya zame zuwa gwiwa.

Delvene ta jawo kujerar baƙi ta taka, ta zare rediyon daga bango, Trevor ya yanke a tsakiyar iskar kudu. Ta sauko da shi a rungume. Ƙura ce a kansa mai kauri, ta goge da gefen rigarta. Marisol ta shigo da sauri tana cire safar hannu, ta ga rediyon, ta ga silifar, ta dafe baki. Ta fara ba da haƙuri, ta ce ta ji ana kiran sunanta ta bango amma hannunta yana kan mutum. Delvene ta ce mata ba laifinta ba ne, kuma har cikin ranta haka ne.

Ta durƙusa a gefen kujerar ta ja bargon sama. "Anti. Ni ce."

Tsohuwar ta buɗe ido, ta sauke hannun a hankali. Kunnen ya yi ja saboda dannawa. Ta daɗe tana kallon Delvene.

"Na ji ki," ta ce. "Kin yi magana da kyau."

Wannan ya fi zagi ciwo. Delvene ta kifa goshi a kan madogarar kujerar, ta ce ta yi haƙuri, ta ce hirar ma ita ta naɗa, da ta san inda za ta ƙare da ta jefa kaset ɗin a rafi. Ta ce ta gama da tashar. Ba za ta sake zama a kujerar nan ba, ba za ta sake shaƙar warin mitfai ɗin Trevor ba, yau ɗin nan za ta je ta kwashe kofinta da hoton 'yarta. Su karanta matattunsu da kansu.

Anti Mavis ta bar ta ta gama. Injin yana ta ƙaramin kukansa, jini yana zagayawa. Sannan ta tambaya ko sau ɗaya ne za a saka abin. Delvene ta ce a'a, mako guda ne, safe da rana da yamma.

"To in kin tafi, wa zai ce wa mutane su kashe?"

Delvene ta ɗago kai ta dube ta.

"Trevor?" in ji tsohuwar. Bernie ya yi wata dariya ta hanci daga kujerarsa. "Ki tashi ki koma, 'yar nan. Ki wanke fuska tukuna, kin yi kama da mahaifiyarki in ta sha kaye a kati. Ki zauna a kujerarki ki yi musu murmushi. In lokaci ya yi ki faɗa da wuri, kada ki bari sai ya ɗaga yatsa. Akwai 'yan uwansa mata a can sansanin bayan gari, rediyo ne kawai abokin hirarsu."

Delvene ta ce shekara guda ana lallaɓa shi ya tafi, an ƙaura an bar masa gida, an yi masa hayaƙin al'ada, an ajiye komai, yau mace ɗaya ta jawo shi baya don ta sayar da ƙyalle. Anti Mavis ta ce ta sani, ba sai an gaya mata ba, ita ce ta kwana a gidan mutane wata da watanni. Ta ce maganar Philippa ta manya ce, za su zauna a kanta, kuma ba a rediyo ba. Yadda ta faɗi hakan, ba tare da ɗaga murya ba, ya sa Bernie ya daina dariya.

Delvene ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. Ta nemi inda za ta ajiye rediyon. Marisol ta ce ta kai shi ofis a kulle har mako ya wuce. Tsohuwar ta ce a'a, a ajiye mata a nan, ta nuna ƙaramin teburin da ke damanta, inda kofin ƙanƙararta yake. Marisol ta jawo wata doguwar waya ta haɗa. Ba a kunna ba. Delvene ta ɗauko silifar ta saka wa Bernie a ƙafa, ya ce ta gaya wa Trevor ɗaya silifar tasa ce, kuma shi ba a saman ƙofa yake ba.

Ta kai bakin ƙofa Anti Mavis ta kira ta. Ba ita take kallo ba, taga take kallo.

"Kin san sun yanke tarin?"

"Wane tari, Anti?"

"In ya yi dariyar nan, sai ya yi tari a bayanta. Kullum. Tun muna samari." Ta gyara bargon. "Ina ta jira, sai na ji matar nan ta shigo da maganar cuku."

Delvene ta tsaya riƙe da ƙofa. Ta dubi kunnen da ya yi ja, ta dubi hannun da ya toshe shi. Hannun yanzu yana kan rediyon, babban yatsa a gefen maɓalli.

"Yaushe kika ce za su sake sakawa?"

"Da rana, Anti. Bayan labarai."

Tsohuwar ta gyaɗa kai ta rufe ido. Delvene ta ja ƙofar a hankali ta nufi mota.